Sassabin Zamani a Kan Takarda: Sharhi Kan CV da Neman Aiki

Ina gaida mutanen cikin garin Madarunfa da na bakin tabki, da na Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma, har da 'yan uwanmu na wajen Jibiya da muryarmu ke tsallaka iyaka ta iske su. Sharhinmu na yau a kan wata 'yar takarda ne, shafi ɗaya ko biyu, wadda ta hana matasa da yawa barci. Ita ce takardar tarihin karatu da aiki, wadda ake rubutawa CV, mu kuwa bakinmu ya saba da kiran ta sebe.

Kwanan baya na shiga wani shagon buga takardu a Maraɗi, ana saura kwana ɗaya wata ƙungiya ta rufe karɓar dosiye, wato takardun neman aiki. Shago ya cika maƙil, samari da 'yan mata, kowa da ambulan ɗinsa a hammata. Mai shagon na da CV guda tak cikin kwamfuta. In layi ya zo kanka sai ya ce, sunanka? Shekarar haihuwa? Difloma? Ya goge na wancan, ya sa naka, inji ya tofo takarda, ka biya ka fita. Ina jiran nawa aikin, sai na roƙi wasu su bari in duba nasu. Biyar na karanta. Duka biyar ɗin masu kuzari ne, masu son aiki tare da jama'a, masu jure matsi. Duka biyar ɗin abin da suke sha'awa shi ne karatu, wasanni da tafiye-tafiye. Wata yarinya ma an bar mata lambar wayar wanda ya riga ta a layi. Ko da an zaɓe ta, wani za a kira.

Ban ga laifin mai shago ba. Shi buga takarda aka biya shi, bai san tarihin kowa ba. Kayan aro ne muka je muka ɗauko, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

To, bari mu zagaya bayan tebur, mu ga abin da ke faruwa bayan an rufe karɓar takardu. Mutum biyu ko uku ne ke zaune, kwalaye cike da ambulan a gabansu, a gefe guda ga sanarwar da suka fitar da sharuɗɗanta. Zagayen farko na tankaɗe ne. Wa ke da diflomar da aka nema? Wa ya yi irin wannan aikin, kuma tsawon wane lokaci? Wa ya cika takardunsa? Idon mai tankaɗe abu yake nema, kamar mai neman akuyarsa a kasuwar dabbobi. In ya hange shi a saman shafi, takardarka ta wuce zagaye na biyu. In ka binne shi a ƙasan shafi na uku, tsakanin sunan firamarenka da labarin son ƙwallo, to ba lalle ya kai can ba. Ba ƙin ka yake yi ba, ambulan ne da yawa, rana kuwa guda.

Yaya ke nan za a yi? Amsar, a ganina, tana cikin gonakinmu.

Dattawan da ke saurare sun tuna yadda jihar Maraɗi ta kasance bayan farin shekarun 1970. Gonaki sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. An yi ta dasa itatuwa, akasarinsu na mutuwa. A shekarar 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a nan jihar, ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da kowa ke ɗauka ciyawar banza ce. Da ya duba ganyen, sai ya ga ashe itace ne. An sare shi tun tuni, amma kututturen na da rai, saiwoyin na nan cikin ƙasa, kowace shekara yana tofo rassa, mu kuma kowace shekara muna sassabe su mu ƙone. Daga nan manoman wannan jiha suka kama abin da muke kira sassabin zamani. Ka je gindin kalgo ko sabara, ka dubi rassan da suka tofo, ka zaɓi 'yan kaɗan masu ƙarfi da suka miƙe, ka datse sauran, don ƙarfin saiwar duk ya tafi ga waɗanda ka bari. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya ƙasa ta farfaɗo a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5 a Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba a kawo iri daga waje ba. Abin yana ƙarƙashin ƙafarmu tun farko.

Jama'a, haka rubuta CV yake. Aiki biyu ne: ka tono abin da ke cikin ƙasarka, sannan ka sassabe.

Mu fara da tonon. Maganar da na fi ji daga bakin matasa ita ce, ni ban taɓa aiki ba, me zan rubuta? Sai in ce, ƙanena, zauna mu yi lissafi. Da damina, lokacin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ba ka cikin masu rabo? Ya ce yana ciki, damina uku a jere. Rigakafin shan inna fa? Ya yi. Wa ke riƙe da littafin kwaperatif ɗinku a fadamar Jiratawa, yana rubuta kuɗin ruwa da na taki? Shi ne. To wannan duka mene ne in ba aiki ba?

Ke ma ƙanwata, haka. Tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda yau ake koyi da shi a ƙasashe da dama na duniya, a nan jihar Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara shi tare da matan karkara a shekarar 1991. In ke ce sakatariyar ƙungiyarku, kina rubuta zubi da bashi da ranar biya, har a zo rabo ba a yi rigima ba, to kin yi aikin lissafin kuɗi, kin kuma riƙe amana. In kin taɓa zama rele, wato mai taimaka wa ma'aikatan lafiya, a ƙauyenku, kina auna damtsen yara da ɗan ma'aunin nan mai ja da rawaya da kore, kina tura masu tamowa asibiti, wannan shi ne ainihin abin da masu aikin lafiyar yara ke nema. Kun san shekara da shekaru ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa wa sashen yara a asibitin Madarunfa, kun kuma san yadda aikin lafiya ke ƙaruwa a yankinmu duk lokacin da damina ta haɗa zazzaɓi da ƙarancin abinci. Wanda ya san ƙauyuka, ya san yadda ake yi wa uwa magana ta yarda ta kai ɗanta asibiti, yana da abin da ba a koyarwa a aji. Sitaj ɗin da ka yi wata uku ba a biya ka ba, koyarwar da ka yi a makarantar dare ko a Islamiyya, sabis sibik, wato hidimar ƙasa, kwantiragin koyarwa, tsaron shagon kawunka a kasuwar Ɗan Isa inda kake juya sefa da naira a ka, duk saiwoyi ne.

Saboda haka shawarata ta farko: ka sami littafi guda, ka rubuta komai. Wane aiki, a ina, daga wane wata zuwa wane wata, a ƙarƙashin wa, kuma me ya fito daga hannunka. Wannan littafin ba shi za ka kai ofis ba. Shi ne kututturen, yana gida. Daga gare shi kowace CV za ta tofo.

Sai sassabe, wanda shi ne ya fi wuya, domin mutum ba ya son datse abin da ya sha wahala a kansa. Adda kuwa ita ce sanarwar aikin. Ko a jaridar Le Sahel ka gan ta, ko a allon ofishin hukumar samar da aiki ta ANPE, ko a bangon ma'aikatar magajin gari, ko an turo maka ta WhatsApp, kada ka tsaya ga sunan muƙami da ranar rufewa. Karanta ta sau uku da biro a hannu. Ja layi a ƙarƙashin duk abin da aka ce dole ne, ka ware shi daga abin da aka ce in an samu ya yi kyau. Sannan ka buɗe littafinka ka tambayi kanka: a cikin abin da na yi, wanne ne ke amsa wannan layin?

Bari in ba da misali. A ce saurayi ne ɗan Jiratawa, ya yi lisans a tsangayar noma ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Sanarwa biyu sun fito a wata guda. Ta farko ana neman malamin gona da zai bi manoman rani. Ta biyu ana neman masu anket, masu bi gida-gida suna tattara bayanai da tabilet. Mutum ɗaya ne, tarihi ɗaya, amma takarda biyu zai rubuta. A ta farko, abin da zai hau sama shi ne ya tashi cikin noman zogale da albasa, ya san rabon ruwa a fadama, ya riƙe littafin kwaperatif, ga kuma binciken da ya yi na ƙarshen karatu in ya shafi gona. A ta biyu, waɗannan su sauko, a taƙaita su a layi ɗaya. Abin da zai hau sama shi ne zagayen rigakafin da ya yi gida-gida, cike fom ba kuskure, iya aiki da manhajar tattara bayanai irin su KoboCollect in har ya iya, sanin ƙauyukan Gabi da Safo, da iya tuƙa babur tare da lasisinsa. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Reshen da zai ba da inuwa a wannan gonar ya bari. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Har kalmomin sanarwar ka lura da su. In sun ce wayar da kan jama'a suke nema, kai kuma ka yi shi, to kira shi da sunan da suka kira shi. Wasu manyan ƙungiyoyi yanzu ta intanet ake cike musu takarda, kuma na'ura na iya yin tankaɗen farko kafin idon mutum ya gani. Na'ura ba ta san hannunka mai sanda ba, kalmar da aka ba ta take nema.

Yanzu ga inda al'adarmu ke shigowa. An tarbiyyantar da mu a kan kunya, an ce mana yabon kai jahilci. Gaskiya ne, kuma ban zo rushe wannan ba. Amma a bambanta kirari da shaida. Ɗan kokawa in ya shiga fili ya ɗaga hannu yana faɗin shi wane ne, wannan kirari ne, kowa na iya yi, har wanda za a kayar yanzun nan. Mai kuzari, mai hazaƙa, mai jure wahala, duk kirari ne, kuma shi ne yabon kan da aka hana mu. Shaida kuwa ita ce ka ce: na riƙe littafin asusun ƙungiya mai mata 25 daga 2021 zuwa 2024. Ko ka ce: na yi rabon maganin rigakafi a ƙauyuka 4, damina 3 a jere, a ƙarƙashin cibiyar lafiya kaza. A nan ba ka yabi kanka ba ko kaɗan. Ka faɗi abin da ya faru, wanda za a iya bincikawa, ka bar mai karatu ya yi yabon da bakinsa. Duk layin da ke cikin takardarka, auna shi da wannan: kirari ne ko shaida? In kirari ne, sa masa adda.

Game da tsari, ba sai na tsawaita ba. A sama, sunanka da inda kake zaune da lambar waya. Ƙarƙashinsa layi biyu ko uku da ke faɗin ko kai wane ne a wannan sana'ar. Sai ayyukan da ka yi, na baya-bayan nan a farko. Sai karatu, shi ma daga babbar difloma zuwa ƙasa. Mai lisans ba ya bukatar ya kai mu har firamare, BAC ta isa. Sai harsuna da sauran abin da ka iya. Sabon mai neman aiki, shafi ɗaya ya ishe shi. Wanda ya daɗe, biyu. Ƙabilarka, jam'iyyarka, ɗarikar da kake bi, ba wurinsu ba ne. Hoto kuwa, in an nema, a sa na fasfo, ba wanda aka yanko daga hoton biki ba.

A kan harsuna ina so in ɗan tsaya. Da yawa sukan rubuta Faransanci da Ingilishi, su manta da Hausa, wai ai kowa na ji. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ban da wannan ma, jin Hausa daban, iya rubuta ta da karanta ta daban. In kana iya fassara saƙon likita daga Faransanci zuwa Hausar da tsohuwa a Sarkin Yamma za ta gane, rubuta shi. In kana jin Fulatanci, rubuta shi, domin akwai rugage a yankinmu da ba a shiga sai da shi. Amma kada ka ce ka ƙware a Ingilishi don kana cinikin kasuwar Jibiya. Ranar ganawa tambaya ɗaya za ta tona.

Mu mutanen bakin iyaka muna da wasu matsaloli namu na kanmu. Na farko, suna. Yaro ya yi wani karatun a Katsina ko Kano, takardarsa ta can ta ce Usman Abubakar da rubutun Ingilishi, takardar haihuwarsa ta nan ta rubuta shi da salon Faransanci, harufa sun bambanta. A idonmu mutum ɗaya ne, a idon mai tankaɗe mutum biyu ne. Ka bi rubutun da ke kan takardar haihuwarka da katin ɗan ƙasa, harafi da harafi, in kuma akwai saɓani a gyara shi a hukumance tun da wuri. Wanda ya yi karatu a Najeriya ya nemi takardar daidaita diflomarsa da ta nan, kuma a cikin CV ya bayyana matsayinta, kada ya rubuta NCE ko HND kawai ya ɗauka kowa ya san su. Na biyu, waya. Da yawanmu layi biyu gare mu, na Nijar da na Najeriya. Sa lambar Nijar, wadda kullum take kunne, kuma wadda kai ne ke ɗauka. In baƙuwar lamba ta kira a kwanakin da ka kai dosiye, yi sallama ka faɗi sunanka, kada ka fara da wane ne. Adireshin imel ma ya zama sunanka na yanka, ba laƙabin da abokai ke kiran ka a fada ba. In ta intanet za a aika, a mai da takardar PDF, kada a ɗauki hotonta a kan tabarma.

CV kuma ba ta tafiya ita kaɗai. Galibin sanarwa a ƙasar nan na neman wasiƙar neman aiki, takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙasa, kofen difloma da aka lagalize, takardun shaidar ayyukan da ka yi, katin rajista na ANPE, da kaziye, wato takardar kotu ta shaidar rashin laifi, wadda akan so kada ta wuce wata uku da fitowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda ba sa tsufa, tanade su tun yanzu cikin leda. Kuma duk inda ka yi aiki, ko na mako biyu ne, kada ka bar wurin sai ka karɓi takardar shaida mai sa hannu da hatimi. Bayan shekara uku, wanda ya san ka an yi masa canji, aikin ya zama labari.

Abu guda ne sassabe bai yarda da shi ba: ka ɗauko reshen wani itace ka ɗaura a naka. Ƙara wata shida su zama shekara biyu, ko sayen takardar shaidar aikin da ba ka yi ba, ramin ƙarya ne, kuma ƙurarre ne. Jihar nan ƙarama ce a wajen ma'aikata, kowa ya san kowa, kiran waya ɗaya ya isa. Mutanen da za ka sa a matsayin masu shaidarka ma, nemi izininsu tukuna, kuma su zama waɗanda suka ga aikinka da idonsu. In akwai shekarun da kika zauna gida saboda aure ko goyo, ko kai ka tafi ci-rani, ba abin kunya ba ne. A faɗe shi a layi ɗaya ya fi a bar rami mai sa zato.

Na san abin da wani ke faɗi yanzu a gindin rediyonsa. Yana cewa, malam, duk wannan zance ne, aiki sai mai hanya, wanda ke da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ba zan ce maka ƙarya kake ba. Akwai wuraren da an riga an raba nama kafin a buga sanarwa, kuma masu neman aiki sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Takarda mai kyau ba za ta haifar da gurbin da babu ba. Amma ba ko'ina ne haka ba, kuma ko mai son ya taimake ka, sai ya sami abin da zai ɗora a tebur ya kare ka da shi gaban abokan aikinsa. Hanyar wani ba ta hannunka. Takardarka tana hannunka. Kada ka bari a ce an so a ɗauke ka, lambar wayar wani aka tarar. Sannan a yi hattara: duk wanda ya ce ka turo kuɗi a ajiye maka gurbi, ɓarawo ne, ko da wace irin murya ya zo.

Iyayenmu, ku ma da naku. Yaron nan da ke zaune yana cewa bai taɓa yin komai ba, ku kuka san ranar da aka ba shi amanar kuɗin masallaci, da shekarar da ya bi ma'aikatan lafiya ƙauye-ƙauye. Ku tuna masa, ya rubuta.

Manomin da ya fara barin rassa uku a gindin kalgo, maƙwabta dariya suka yi masa, suna cewa ƙazamin manomi ne, bai iya share gona ba. Yau a inuwar itacen ake hutawa, daga jikinsa ake samun makamashi da abincin dabbobi. Kai ma daren yau, bayan sallar lisha, ɗauki littafi da biro ka fara tono. Sanarwa ta gaba in ta fito, kada ka je shago a sauya maka sunan wani. Je da rubutunka a hannu, ka ce wa mai kwamfuta: wannan za ka buga mini.

Allah ya ba masu nema sa'a, ya sa abin da za a samu ya zama mai albarka.